Na-Sani a Kogon Mutanen Farko

Ƙanena mai rubuta alluna ne, na shaguna da na bayan motoci, kuma an fi shekara talatin rabon da wani ya kira shi da sunan yanka. Na-Sani ake ce masa, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana ba sai ya tare ka da "na sani." Ranar da injin markaɗen matarsa ya sami matsala, makanike yana cewa kada a taɓa bel sai an kashe, ya ce ya sani, ya zura hannu. Tun daga ranar ƙaramin yatsansa na hagu ya koma rabi. Ku riƙe wannan yatsan a ranku, zai dawo.

Ni maginiyar tukwane ce. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin buhunan siminti da allunan ƙanena na koyi karatu, har na kai ina nuna masa inda ya ci harafi. Matoyata, inda nake toya tukwane, da ramin da nake haƙar yumɓu suna ƙarshen layinmu, a gindin wani dutse mai ɗan kogo inda awaki ke fakewa idan ana ruwa. Shekara arba'in da ɗaya ina wurin. Takarda kuwa ba ni da ita, uwar mijina da ta nuna mini wurin ita ma ba ta da ita.

Wata safiya ina goge cikin randa sai ga wani da ake ce wa Mai Bulo, da takarda daga hukumar gari. An ba shi filin ya kafa injin buga bulo, ƙarshen wata katafila za ta zo ta baje komai. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ce ba da shi nake rigima ba, da takarda ce. Na karɓa na karanta daga sama har hatimi, na neme ta da aibi ban samu ba. Na miƙa masa abarsa na ci gaba da gugata. Kwana ashirin da uku suka rage mini.

Abin da nake guga da shi dutse ne mai santsi, baƙi-baƙi, gefe ɗaya da kaifi, ya zauna a tafin hannu kamar an auna. Ina da irinsa cike da kwando. A ramin yumɓu nake tsintar su, can ƙasa inda mutum zai tsaya kansa ya ɓace, tare da tsingaron tukwane masu wani irin zane da babu mai yin sa yanzu. Tsofaffi kan ce aradu ke jefo su. Ni dai ban taɓa ganin aradun da ke zuwa da tukunyarta ba, amma ba a tambaye ni ba, ban ce ba.

Da azahar Na-Sani ya faɗo mini, rabin kansa a aske rabi ba a aske ba, da ƙyallen mai aski a wuya. Wai yana zaune a shagon aski aka nuna wani shiri a talabijin, na koguna a ƙasashe masu nisa inda mutanen farko suka zana shanu da dawaki, suka ɗora tafin hannunsu a bango suka fesa jar ƙasa da baki, shekaru dubbai da suka wuce. Wai duk inda aka ga irin wannan, gwamnati ta hana ko ƙusa a kafa. Ya nuna kogon awaki da leɓe.

"Yaya, kwantar da hankalinki. Kafin ƙarshen wata wannan kogon zai shekara dubu arba'in."

Na ce masa kogon dai shekararsa nawa ban sani ba, amma kashin awakin da ke ciki na jiya ne. Na ce masa waɗanda ke duba irin waɗannan abubuwa karatunsu suka yi, ba a shagon aski suka tsinta ba. Ya ce ya sani. Ya ce shi da ya zana zaki a bayan tirela har kare ya yi masa haushi, zanen mutanen da ko buroshi ba su da shi ne zai gagare shi? Na ce ya je a ƙarasa masa askin tukuna.

Washegari na nemi jar ƙasar da nake shafa wa wuyan tuluna na rasa. Matarsa kuma ta nemi kitsen da ta ajiye ta rasa. Ashe ya daka jar ƙasar, ya narka kitsen ya dama, har da ɗan gishiri wai don ya kama dutse. Ya shiga kogo, kofi a hannun dama, ya manna hagu a bango, ya guntsi haɗin ya fesa. Na farko ya fita. Na biyu ya fita. A na bakwai atishawa ta zo masa baki cike, rabi ya fita ta hanci, rabi ya wuce ciki.

Ya fito kan layi yana tari yana dukan ƙirji, gemu ja, gaban riga ja. Mai aski ne ya fara ganinsa, ya yar da almakashi ya ce Na-Sani na aman jini. Matarsa ta fito da ludayi a hannu ta ɗora hannu a ka. Kafin ya sami numfashin magana an tattara shi an zuba a kurar mai ruwa, an nufi kemis da shi, ƙafafunsa na reto. Ga gaskiya a bakinsa, amma gaskiyar asiri ce, in ya faɗa shiri ya rushe. Haka ya kwanta mai kemis ya danna masa allura biyu, ya haɗo shi da kwalbar maganin tari, ya ce ya daina shan iska.

Da ya ɗingiso ya koma kogo da la'asar, ya tarar awaki sun lashe mutanen farko tas saboda gishirin. Ɗan abin da harshensu bai kai ba, kiyashi sun yi layi suna kwashe kitsen.

Na ce masa to, Allah Ya nuna maka, ka bari. Ya ce kuskuren na mutanen farko ne, su ba su da awaki. Ya ɗauko gwangwanayen fentin mai na aikinsa, ja da baƙi da ruwan ƙasa, ya rataye tabarma a bakin kogo, ya kwana huɗu yana shiga da safe yana fita da yamma. Tafin hannu kuwa da abin fesa maganin sauro ya yi su wannan karon, tunda baki ya ba shi kunya. A rana ta biyar ya zo ya ce in zo in ga tarihi.

Ba zan ci amanarsa ba, yaron ya iya zane. Matsalar ita ce hannun da ya shekara talatin yana yi wa 'yan kasuwa aiki ba ya mantuwa. Saniyar da ya zana ita ce ta allon mahauci, mai ƙiba, tana murmushi. Kifin na mai sayar da kifi ne. Maharbin da ke bin raƙumin dawa da mashi an gyara masa gefen kunne tsaf. Tafin hannu goma sha tara a jere, kowanne da rabin ƙaramin yatsa.

Na ce, "Su mutanen farkon nan duk injin markaɗe ɗaya suka gyara?"

Ya ce a talabijin ma an nuna hannaye masu guntayen yatsu, masana har yau suna gardama a kai, saboda haka wannan ƙarin hujja ce. Ni kuwa idona ya riga ya sauka can ƙasa, kusurwar dama. Duk allon da ya rubuta a garin nan, a wannan kusurwar yake sa lambar wayarsa, da 'yar kibiya tana nuna ta. Ga ta nan a ƙarƙashin kofaton saniya, baƙa wuluk, lamba ɗaya ba ta ɓace ba, har da kibiyar.

Na nuna masa da sandata. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ya sani, hannun ne ya rubuta bai shawarce shi ba. Ya kankara da wuƙa, fenti ya riga ya shige ƙofofin dutse. Ya ce ba komai, dama zanen yana bukatar tsufa, hayaƙi zai rufe lambar ya kuma ƙara wa saniyar shekara dubu goma.

A nan na yi masa tambayar da ta hana ni sukuni. Na ce a ce ƙaryar ta ci, gwamnati ta zo ta kewaye wurin da waya ta hana ko ƙusa a kafa. Ni da nake haƙa rami kullum in kuma cinna wuta duk mako, a cikin wayar za a bar ni ko a waje? "Na sani" ɗin da ya fito a hankali ya fito, kamar na mai ciwon haƙori. Ya ce idan an zo wurin za a san yadda za a yi. Wato in Mai Bulo bai kore ni ba, ƙanena zai kore ni, kuma kwana goma sha bakwai suka rage.

Ya mirgino tsohuwar taya ya cinna mata wuta a tsakiyar kogo, ya saki tabarma ya tsaya a ciki wai yana lura da yadda tsufan ke kamawa. Bai san akwai masu gida a rufin kogon ba. Jemagu suka fara fita, suka bi ta kansa. Rina suka biyo baya, su kuma ba su wuce ba. Muna zaune muka ga tabarma ta taso da ƙafafu tana gudu tana ihu, baƙin hayaƙi na bin ta, ta bi ta kan ɗanyun tukwanena guda shida da na shanya, ta faɗa cikin kwatamin da nake jiƙa yumɓu. Hayaƙin kuma ya sauka a kan wankin matarsa da na maƙwabta uku.

Kwana uku idonsa na dama bai buɗe ba, leɓensa ya yi kamar murfin tulu. Mai aski ya zo dubiya ya tambaye shi wai me yake nema a kogon awaki haka. Ya amsa da gefen baki cewa bincike yake yi, nan gaba kaɗan layin nan zai shiga littafi. Mai aski ya ce Allah Ya sa ba littafin asibiti ba.

Yana kwance ya rubuta wa gidan adana kayan tarihi wasiƙa, shafi huɗu, ya ce shi ne ya gano kogon bayan doguwar wahala, abin da ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Da ya miƙe sai ya ce zane kaɗai ba ya isa, a shirin an nuna wasu 'yan gumaka na mata masu ƙiba da ake tonowa a ƙasa, in gina masa ɗaya. Na ce wutata ba ta toya ƙarya. Ya ɗebi yumɓuna ya zauna da kansa. Duk wadda ya gina sai ta zauna ta baje kamar kashin shanu. Daga ƙarshe ya ɗauko kwalbar maganin tarin nan, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya yi mata ƙugu da kai, ya shanya a rana, ya shafe ta da baƙin man takalmi. Ya binne ta a ƙasan kogo, yana yi mata ban ruwa safe da yamma wai don ƙasa ta kwanta, kamar mai dashen barkono.

Amsa ta zo: za a turo jami'a ranar Laraba, kwana biyu kafin katafila. Na-Sani ya bi gida-gida yana gayyata. Ya rubuta allo ya kafa a bakin hanya: KOGON MUTANEN FARKO, SHEKARA DUBU ARBA'IN, da kibiya. Ya share fili, ya kore awaki, ya ce wuri irin wannan sai da hanya ta musamman. Da safiyar Laraba na zo aiki na tarar kwandon duwatsuna wayam, sai ɗayan da na kwana da shi a ɗaurin zanina. Ya jera su dama da hagu daga allo har bakin kogo, ya shafe su da farar ƙasa. Na ce wa ya ba shi? Ya ce in yi haƙuri, baƙi za su zo, ba a barin tarkace a fili. Na duba sandata na duba ƙeyarsa, sai ga mota ta tsaya.

Jami'ar 'yar siririya ce, gajera, da furfura kaɗan a gaban ɗankwali, da jaka mai aljihu da yawa. Tare da ita akwai wakilin hukumar gari. Mai Bulo ya zo ya tsaya gefe ya harɗe hannu. Layinmu kaf ya fito, har da masu wankin da hayaƙi ya ɓata, su ma sun zo ganin abin da aka ɓata musu wanki dominsa. Na-Sani ya sha kwat ɗin aro, hannun hagu a cikin aljihu, ya yi rantsuwa a gida cewa ba zai fito da shi ba sai mota ta tashi.

Ya tare ta da jawabi tun daga bakin allo. Ya bi da ita ta tsakiyar fararen duwatsu yana ba ta labarin yadda mutanen farko ke rayuwa kamar tare suka yi makarantar allo. Ta fara cewa a irin waɗannan wurare abin da ake fara dubawa shi ne, ya ce ya sani. Ta dube shi ta wuce gaba.

A cikin kogo ta kunna tocila. Ta tsaya. Ta ja hanci sau biyu, ta tambaya ko akwai mai facin taya a kusa. Na-Sani ya ce warin daɗewa ne. Hasken ya sauka kan maharbi, sai muryar mai aski ta fito daga baya.

"Af, wannan ai aski mai lamba huɗu ne a allon shagona."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na-Sani ya ce wannan ya nuna askin tsohon yayi ne, mai aski ya je ya sabunta sana'a. Mahauci ya ce shi kuma saniyar kamar ya san ta. Jami'a ba ta yi dariya ba. Ta ƙirga tafukan hannu, ta auna guntun yatsan da ɗan ma'auni, ta ce abin sha'awa, mutum goma sha tara hannunsu ɗaya. Na-Sani ya ce dangi ne.

Da ya ga iska na neman juyawa sai ya ce ai babban abin yana ƙasa, zuciyarsa na ba shi akwai wani abu a daidai nan. Ya karɓi fartanya da hannun dama kaɗai, sara uku ya kai. Abin da ya fito curin laka ne, ban ruwa ya gama da ƙugun da kan. Ya ɗaga shi sama ya ce ga uwar mutanen farko. Jami'a ta karɓa, ta nemi ruwa a kofi, ta zuba a hankali tana shafawa da yatsa. Laka ta bi ruwa, man takalmi ya bi yatsanta. Ta ɗaga kwalbar a hasken tocila ta karanta: cokali biyu sau uku a rana, bayan cin abinci.

Mai kemis ya ce daga bakin kogo, "Kuma bai shanye ba, na gani."

Ko a nan da ya yi shiru da ya tsira da sauran mutunci. Ina. Ya ce wani maƙiyi ne ya binne kwalbar don ya ɓata binciken, ya waiga ya harari Mai Bulo. Amma zanen bango, ya ce, wannan ko a gaban alƙali. Jami'a ta ce to. Ta ciro wani ɗan buroshi mai laushi ta durƙusa a kusurwar dama, inda baƙin ya fi kauri, ta fara sharewa kamar mai share idon jariri. Kibiya ta fara fitowa. Lamba ta biyo ta, ɗaya bayan ɗaya. Kogon ya yi tsit, har ana jin jemagen da ya dawo yana gyara kwanciya.

Ta ciro wayarta ta danna tana duban bango. Wayar Na-Sani carar zakara take yi idan an kira, kuma a aljihun hagu take. Zakara ya yi cara a cikin kogo, dutse ya amsa. Ya yi ta biyu. Na-Sani ya tsaya ƙiƙam yana kallon rufi kamar ba a jikinsa ake yi ba. A ta uku hannun da ya saba bai shawarce shi ba, ya zaro wayar ya kai kunne ya ce, "Salamu alaikum, mai rubuta allo ne." Ga hannu a hasken tocila, yatsa huɗu da rabi, jan fenti a gindin kowane farce.

Jami'a ta ce a cikin tata wayar, "Ina magana da mutanen farko?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mahauci ya zauna a ƙasa. Mai aski ya riƙe bango, ya tashi da baƙin hannu. Matar Na-Sani ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita dai a mayar mata da kitsenta. Wakilin hukuma ya ce wa Mai Bulo jibi ya kawo katafilarsa, shi kuma Na-Sani a yi maganar ɓata wa jami'an gwamnati lokaci. Ni ban yi dariya ba. Na koma rumfata na zauna, na jawo randar da ban gama ba, domin in jibi za a baje ni, gara a same ni da aiki a hannu.

Jami'a ta fito tana goge yatsunta, ta ce, "Mama, a taimaka mini da ruwa in wanke hannu." Na nuna mata tulu da haɓa na ci gaba da guga. Ta wanke, ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. Idonta na kan hannuna. Ta ce in ba ta ta gani. Ta juya dutsen, ta bi kaifin da babban yatsa, ta ciro wani ɗan gilashi ta duba. Ta ce wannan gatari ne, hannun mutum ya wasa shi tun ba a san ƙarfe ba. Ta ce akwai wasu?

Na ce, "Kin bi ta tsakiyarsu sau biyu, 'yar nan. Ga su can an yi musu kwalliya."

Ta tafi da gudu-gudu, ta durƙusa a kan hanyar Na-Sani da kofin ruwa. Allah Ya taimake mu farin fentinsa ya ƙare, farar ƙasa ya shafa, ruwa na taɓa ta take sauka. Ta wanke ɗaya, ta wanke biyu, ta zauna dirshan a ƙasa. Talatin da huɗu ta ƙirga. Na kawo mata tsingaron da nake tarawa a tsohuwar tukunya. Akwai wani guntu da maginiyarsa ta danna babban yatsa a bakin, na daɗe da sanin nawa yana shiga gurbin daidai. Na nuna mata. Ta dube ni ta dubi tsingaron.

Sai ta tambayi abin da nake jira: a ina daidai nake samun su, kuma a wane zurfi?

Na ce, "In na faɗa miki, wa zai tashi, ni ko Mai Bulo?"

Ta ce gaskiya bisa ƙa'ida duk wanda ke wurin tashi yake yi. Na ce to gindin dutsen nan faɗi gare shi, ramukan da na haƙa na cike a shekara arba'in sun fi gashin kanta, tana iya tono shekara uku ba ta dace ba. Ni kuma tsohuwa ce, mantuwa na damuna, ba abin da ke warkar da ita sai takarda mai hatimi. Wakilin hukuma ya ce Iya, da gwamnati fa kike magana. Na ce na sani. Mai aski ya ce ashe abin na gida ne.

An dakatar da katafila a ranar. Bayan kwana tara jami'a ta dawo da takarda: gefen da zan nuna za a kewaye shi, matoya da ramin yumɓu na ɗaya gefen nawa ne, ni ce kuma mai nuna wa baƙi yadda ake gina tukunya da hannu. Na karanta sau biyu da yatsa a kan layi. A layi na bakwai na ga an rubuta "na wucin gadi." Na miƙa mata na ce mantuwar ta dawo. Ta koma, ta sake dawowa da wata babu wannan kalmar. Sannan na ɗauki sandata na kai ta bayan tsamiya, taku goma sha biyu daga bakin tsohon rami, na ce a nan, tsayin mutum da hannu ɗaya. A yini na biyu da fara tono, ma'aikatanta suka fara fito da gatura. An ba Mai Bulo wani fili kusa da titi, ya zo ya ce ya fi masa ma, na ba shi tulu.

Hukuncin Na-Sani shi ne ya wanke kogo. Wata biyu yana shiga da kananzir da burushin waya. Saniya ta tafi, maharbi ya tafi da askinsa, hannaye goma sha tara suka dushe. Lambar ce ta ƙi, ta kama dutse kamar da ita aka halicce shi. Yanzu duk baƙon da ya zo ganin ramin tono sai ya leƙa kogo ya kira ta don nishaɗi, shi kuma sai ya ɗauka, ya ce shi ne wanda ya gano wurin. Yana gaya wa mutane da gangan ya shafa wa gaturan farar ƙasa don jami'a ta lura da su, zanen kogo kuwa dabara ce ta jawo ta. Rannan har ya ce mini, "Yaya, ba don ni ba da yanzu bulo ake bugawa a kan matoyarki." Abin haushin, na juya maganar ta kowane gefe ban sami inda zan kama ta ba. Na ɗora masa buhun yumɓu a ka.

Jami'a ta ce a bar lambar, fentin mai a cikin kogo yana iya kai shekara dubu biyar, wata rana wani masani zai tsaya a gabanta yana tunanin me take nufi. Na ce Allah Ya sa kada ya kira. In ya kira, ko daga kabari ne ƙanena zai ɗauka, kuma bawan Allah ba zai kai ƙarshen tambayarsa ba.